Yadda Ake Zaga Lakwaja da Ƙafa Idan Jirgin Ruwa Ya Yada Zango

Duk wanda ya yi doguwar tafiya a kogin Kwara ko na Binuwai, ko ya gangaro daga wajen Baro, ko ya hauro daga Idah, ko ya biyo Binuwai daga Loko, da wuya jirginsa ya wuce Lakwaja bai tsaya ba, domin a nan kogunan biyu suke haɗuwa, a nan kuma ake sauke kaya, a ɗora wasu, a sayi man inji. Manyan jiragen tururi na zamanin kamfanonin Turawa sun daɗe da daina zirga-zirga, abin da ya rage shi ne jiragen katako masu inji da ke ɗaukar doya da hatsi da kifi da mutane gaba ɗaya. Tsayawar irin wannan jirgi tana iya zama ta sa'a biyu, tana iya kaiwa kwana, kuma mafi yawan fasinjoji a gindin rumfa ɗaya suke ƙarar da ita suna gadin kayansu, alhali garin da suka sauka yana cikin garuruwan da suka fi tarin tarihi a Najeriya. Ana iya ganin abu mai yawa da ƙafa, muddin matafiyi ya yarda tun farko cewa lokacin da ke hannunsa na jirgi ne, kuma tun kafin ya bar bakin ruwa ya tsara yadda zai dawo.

Aikin farko a cikin jirgi ake yin sa, kafin a sauka. Matafiyi ya sami matuƙin da kansa, ba yaron jirgi ba, ya gaishe shi, ya tambaye shi yaushe za a tashi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce "sai mun gama lodi", wadda ba ta da amfani ga mai son shiga gari, saboda haka sai a sake tambayar ta wata fuska, a ce, "Malam, idan na dawo da la'asar zan same ku?" Ɗaure magana da lokacin salla ya fi ɗaure ta da agogo, domin kowa a tashar yana jin kiran salla, kuma matuƙin da ya ce ba zai tashi ba sai an yi la'asar yakan ji nauyin saɓa wa maganarsa. Bayan haka a karɓi lambar wayarsa, a kira ta nan take a gabansa don a tabbatar tana shiga kuma shi ma ya sami lambar fasinjansa, sannan a karɓi lambar wani fasinja da zai zauna a jirgin, saboda matuƙi yana iya barin wayarsa a aljihun rigar da ya rataye yana cikin ruwa yana duba farfela. Akwai kuma wani ma'auni da ke taimakawa: hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, wadda hedkwatarta ma a Lakwaja take, ta hana tafiyar dare a kan ruwa. Ma'anar wannan ita ce jirgin da bai tashi ba har rana ta yi sanyi sosai, ko dai kwana zai yi, ko kuma matuƙinsa yana shirin karya doka, kuma a ganina jirgi na biyun gara ya tafi ya bar mutum a tudu.

Kaya masu nauyi a bar su a jirgi a hannun wanda aka yi sabo da shi a hanya, a nuna wa yaron jirgi su a gaban shaida. Kuɗi da waya da katin shaida kuwa a jiki suke tafiya. Kafin a juya baya, yana da kyau a ɗauki hoton jirgin da waya, a kuma lura da wata alama ta dindindin a gaɓar, kamar bishiya ko masallaci ko shago, domin jiragen katako suna kama da juna, kuma sau da yawa ana matsar da jirgi daga inda ya tsaya don a ba wani wuri, har mutum ya dawo ya ɗauka an tafi alhali jirginsa yana bayan wasu guda uku.

Saukar ita kanta tana buƙatar natsuwa. Wanda ya wuni a takure a kan buhu, ƙafafunsa sukan kumbura ko su yi sanyi, kuma idan ya taka ƙasa yakan ji kamar tana lilo da shi na ɗan lokaci. Kada ya yi gaggawa a kan katakon da ake gittawa tsakanin jirgi da gaɓa, ya tsaya ya miƙe jiki, ya sha ruwa, ya ɗan taka a hankali kafin ya ɗauki hanya. Idan jirgin bai iya matsowa gaɓa ba sai an taka ruwa, a taƙaita zama a cikinsa, a kuma guji wanka ko alwala a inda ruwan ya kwanta kusa da ciyayi, domin a irin wuraren nan ne dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya yake zama. Takalmin roba mai maɗauri a dunduniya ya fi silifa, wanda laka take cirewa, ya kuma fi sau-ciki na fata, wanda ba ya bushewa da wuri.

Lakwaja gari ne mai sauƙin ganewa ga mai tafiya a ƙasa, saboda a matse yake tsakanin abubuwa biyu da ba sa ɓuya. Kogi yana gabas, dutsen Patti yana yamma, garin kuma ya miƙe a tsakaninsu daga arewa zuwa kudu. Duk wanda ya rikice a cikin unguwa, ya ba dutsen baya ya gangara, zai fito bakin ruwa. Wannan shimfiɗa ita ce ke nuna yadda za a tsara yawon: a bi babban titi a miƙe, a je wuri mafi nisa da aka yi niyya tun da sauran ƙarfi, sannan a riƙa tsayawa a sauran wuraren a kan hanyar dawowa, ta yadda kowane tsayawa yana ƙara kusantar da mutum ga jirginsa. Lokacin da aka samu a raba shi uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, na ukun kuma a ajiye shi don abin da ba a zata ba. Mai lafiya yana cin kimanin kilomita 4 a sa'a guda a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma a Lakwaja kada a yi lissafi da wannan, domin zafin garin mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Katsina ko Damagaram ba, kuma yana karya gwiwar baƙo da wuri, musamman daga watan Fabrairu zuwa Afrilu. Daga hantsi zuwa azahar lokacin neman inuwa ne; tafiya mai nisa da sassafe ake yin ta ko bayan la'asar.

Idan tsayawar gajeriya ce, sa'a biyu ko uku, kasuwar bakin ruwa da tsohon gari sun isa. A kasuwar Kpata da kewayenta ake ganin ainihin abin da ya kafa garin, wato cinikin da ruwa yake kawowa: kifi ɗanye da banda, doya, garin rogo, manja, da kwale-kwalen da ke fito da mutane daga ƙetare, daga Shintaku da Gbobe. A nan mutum zai ji Nufanci da Igala da Igbira da Yarabanci da harshen Kakanda, waɗanda tun kafin zuwan Turawa aka san su da sana'ar jirgi a wannan yanki, zai kuma tarar Hausa tana shiga kusan ko'ina a wajen ciniki. Shawarata ita ce a zagaya kasuwar da ido a lokacin fita, a ji farashi, amma a bar sayayya sai an dawo, don kada a yi yawon gari da ƙunshin kifi a hannu.

Daga kasuwa sai a tambayi hanyar Kabawa, tsohuwar unguwar da ta fi kowace muhimmanci ga Bahaushen da ya zo Lakwaja. A wannan gari ne Turawan mulkin mallaka suka riƙa tsare sarakunan Arewa da suka tuɓe, kuma da yawansu ba su sake ganin garuruwansu ba. Sarkin Kano Alu, wanda ake kira Aliyu Babba, ya hau gadon sarauta a 1894 bayan yaƙin basasa, an kama shi a 1903 bayan Turawa sun ci Kano, aka kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lakwaja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau shi ma nan aka kawo shi, haka kuma wanda ya gaje shi, Aliyu ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, wanda Turawan da suka naɗa shi a 1903 suka tuɓe shi a 1920, ya rasu a Lakwaja a 1924. Etsu Nupe Abubakar na Bida yana cikin waɗanda aka tsare a garin. Kaburburan waɗannan sarakuna suna cikin tsohon gari, a tsakiyar gidajen mutane, ba a wani keɓaɓɓen fili mai allon sanarwa da mai sayar da tikiti ba, kuma saboda haka ne ziyararsu take buƙatar ladabi fiye da sauran wurare. Ba a kutsa kai. A nemi dattijo a ƙofar masallaci ko a majalisar unguwa, a yi sallama, a gaisa sosai, a ce, "Baba, ni baƙo ne daga jirgi, ina son in ziyarci kabarin Sarki Alu in yi masa addu'a." Galibi za a haɗa mutum da yaro ko da mai kula da wurin. A cire takalmi inda aka ga ana cirewa, a yi addu'a, a nemi izini kafin a ɗaga waya don hoto, a kuma ba wanda ya yi rakiya ɗan abin goro ba tare da an jira ya tambaya ba. Idan an sami dattijon da ke son magana, a zauna a saurare shi ko da hakan zai cinye lokacin wani wurin, domin har yanzu akwai zuriyar mutanen da suka biyo sarakunan nan a garin, kuma abin da suke riƙe da shi na labarin zaman tsarewar ba a rubuce yake a jikin wani gini ba. Fadar Maigarin Lakwaja ma a wannan ɓangare na gari take, kuma wucewa ta ƙofarta da gaishe da fadawa ba ya cin lokaci.

Wanda yake da rabin yini yana iya ƙarawa da wuraren zamanin Turawa, waɗanda suke warwatse a kan manyan titunan garin. Mafarinsu Dokta William Baikie ne, likitan da ya hauro kogin a 1854 yana ba mutanensa kwinin, ya nuna cewa Bature yana iya shiga wannan ruwa ya fita zazzaɓi bai kashe shi ba. Bayan jirginsa na biyu ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba a 1857, ya zo ya kafa zango a mahaɗar kogunan, ya koyi Hausa, har ya yi tattaki zuwa Kano a 1862. A harabar cocin Holy Trinity akwai makarantar firamaren da aka kafa a 1865 a zamanin Bishop Samuel Ajayi Crowther, wadda ake lissafa ta a matsayin ta farko irinta a Arewacin Najeriya, kusa da ita kuma akwai ƙarafan da aka kafa don tunawa da bayin da aka 'yanta. Ranar 1 ga Janairun 1900 a Lakwaja aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga (Frederick Lugard) ya karɓi mulkin Arewa, kafin hedkwata ta koma Jebba, sannan Zungeru a 1902. Akwai maƙabartar Turawa, da ginin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya, da gidan adana kayan tarihin mulkin mallaka. Waɗannan duk na tsayawar minti goma ne ko sha biyar, in ban da gidan tarihin, wanda ya cancanci a zauna a duba hotunansa idan an tarar da shi a buɗe. Masu rakiya za su ce a nan Flora Shaw, wata 'yar jarida Baturiyar Ingila, ta dubi kogi ta raɗa wa Najeriya suna. Abin da aka tabbatar shi ne ta ba da shawarar sunan a wata maƙala da jaridar Times ta Landan ta buga a watan Janairun 1897, shekara biyar kafin ta auri Lugga. Batun tsayuwa a kan dutse kuwa labarin gari ne, a saurare shi a matsayinsa.

Wajen ɗaukar hoto akwai inda ake kame hannu. Lakwaja ta zama babban birnin jihar Kogi tun 1991, gidan gwamnati yana cikin tsoffin gine-ginen Turawa, akwai kuma sansanin sojojin ruwa da shingayen jami'an tsaro. Kada a nuna wa ɗayansu kyamara. Baƙon da aka tsare ana yi masa tambayoyi na sa'a guda, ko da daga baya an sallame shi da haƙuri, yana iya rasa jirginsa.

Dutsen Patti na wanda jirginsa zai kwana ne kawai. Tsayinsa kimanin mita 450 ne, samansa shimfiɗaɗɗe, akwai hanya mai lanƙwasa da ke hawa har can, inda gidan hutun da ake danganta wa Lugga yake. Daga nan ne ake ganin mahaɗar kogunan sosai, yadda Binuwai yake shigowa daga gabas, da tsibiran yashi, da yadda ruwan biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa kowanne da launinsa kafin su gauraya. Daga cikin jirgi ba a ganin wannan, domin mai zaune a kan ruwa faɗi kawai yake gani. A hau da asuba bayan salla, da ruwan sha isasshe, tare da ɗan gari ko abokan tafiya biyu ko uku, a sauko kafin rana ta take. Wanda gwiwarsa ba ta da ƙarfi ya hau babur zuwa sama ya sauko da ƙafa, ba abin kunya ba ne. Haka kuma Ganaja, da ke kudancin gari, inda masu kwale-kwale suke kai mutane tsakiyar mahaɗar, ta yi nisa ga mai ƙafa daga tsohon gari, gara a shiga a-daidaita-sahu.

Lokacin shekara yana sauya duk wannan lissafi. A watannin Satumba da Oktoba kogunan suna cika maƙil, musamman idan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kuma a 2012 da 2022 ambaliya ta mamaye unguwannin bakin ruwa, ta yanke titin Ganaja da hanyar Abuja, har aka riƙa tuƙa kwale-kwale a kan kwalta. A irin wannan lokaci wurin da jirgi ya saba tsayawa yana iya nutsewa, a tsaya a wani wuri dabam, kuma bai kamata baƙo ya ratsa ruwan da ya rufe titi ba, domin bai san inda kwalbati yake ba. Da rani kuwa ruwa yana janyewa, yashi ya fito, jirgi ya tsaya nesa da gaɓa, sai a ƙara tafiyar yashin a cikin lissafin dawowa, ga shi tafiya a kan yashi mai zafi tana cin ƙarfi ninki biyu.

Masallaci shi ne mafi kyawun wurin hutawa a tsakiyar yawo. A nan ake samun ruwan alwala mai tsabta da inuwa da wanda za a tambaya hanya, a nan kuma matafiyin da ya yi kwanaki yana salla a takure a cikin jirgi zai samu ya yi ta a natse. A mazhabar Malikiyya matafiyi yana ci gaba da kasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba, amma idan ya bi liman mazauni sai ya cika tare da shi. Abinci kuma a ci wanda aka sauke daga wuta a gaban ido, a sha ruwan leda ko na gora, a guji gwada sabon abu mai yawan mai ko yaji, domin ciwon ciki a cikin jirgin da ba shi da makewayi wahala ce ga mai shi da maƙwabtansa.

A kan hanyar dawowa ne ake sayayya. A cire kuɗi a wurin masu POS tun a cikin gari, saboda ƙauyukan da ke gaba ba lallai a sami sabis ba, a kuma nemi ƙananan canji. A ba da waya caji a shago yayin da ake cin abinci. Guzurin da ke jure tafiya shi ne burodi, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, gyaɗa, dabino, da kifin banda da ya bushe sosai, wanda ake ganewa da sauƙinsa a hannu da rashin danshi a cikinsa. A ƙara da ruwan sha fiye da yadda ake zato, da maganin sauro, da babbar leda ta rufe kaya idan damina ce. Wanda ba shi da rigar kariya daga nutsewa ya tambaya a tasha ya samu tasa, domin doka ta wajabta ta, kuma yawancin rayukan da ake rasawa a haɗarin jirgi a kogin Kwara na mutanen da ba su sa ta ba ne a cikin jirgin da aka cika fiye da kima. Ɗan tsarabar goro ko ruwan sanyi ga wanda ya yi gadin kaya da kuma yaran jirgi yana gyara sauran tafiyar.

A iso bakin ruwa aƙalla rabin sa'a kafin lokacin da aka yi alkawari, a nuna wa matuƙi fuska don ya san an dawo, a duba kaya, sannan a dubi jirgin da kyau kafin a shiga. Lodin da aka ƙara a Lakwaja yana iya sauya shi gaba ɗaya, kuma idan bakin jirgin ya kusa taɓa ruwa, ko an ɗora mutane a kan kayan da suka riga suka yi tsiri, matafiyi yana da damar sauke kayansa ya jira wani. Idan kuwa aka yi rashin sa'a aka tarar jirgin ya tashi, a kira matuƙin nan take, a kuma je wurin shugabannin tashar, domin sun san kowane jirgi da zangonsa na gaba, kuma sukan iya sa ƙaramin jirgi mai gudu ya cim masa idan bai yi nisa ba. In hakan bai yiwu ba, mota tana riga jirgi: mai gangarawa kudu ya bi ta Ajaokuta ya haye gadar Itobe ya tari jirginsa a can ko a Idah, mai haurawa arewa ta kogin Kwara kuma ya bi hanyar Abuja zuwa gadar Murtala Muhammed da ke Jamata, ya jira shi a gaɓar da ke ƙarƙashinta bayan ya sanar da matuƙin ta waya.